DARASIN HARSHE: “STAMPEDE”, “ESTAMPIDA” DA DANGINSU

'Yan'uwana ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan kalma guda ne ta Ingilishi, watau “stampede”, tare da uwarta ta Sifaniyanci, “estampida”, da waɗansu kalmomi da su ke maƙwabtaka da su. A ido dukansu abu ɗaya su ke nufi, watau taron dabbobi ko na mutane ya zabura gaba ɗaya. Amma in an duba da kyau kowace da mazauninta, kuma wanda ya sa wata a gurbin wata ya kan faɗi abin da bai yi nufi ba, wani lokaci ma har ya ɗora wa matattu laifin mutuwarsu. Tun da ya ke ba da daɗewa ba za a danƙa mana aji, mu koyar da Ingilishi, mu kuma lura da yara wajen shiga da fita, ya kamata mu san bambancin sosai.

1. Asalin kalmar

Ingilishi bai san “stampede” ba sai cikin ƙarni na 19. A Amurka aka haife ta, inda masu jin Ingilishi suka yi iyaka da masu jin Sifaniyanci. Ku tuna ƙasar Teksas tana cikin Meksiko har shekarar 1836, Kalifoniya kuwa sai 1848 ta koma hannun Amurka. Mutanen Sifen ne suka kai shanu da dawaki wancan ɓangaren duniya, tun daga tafiyar Kolumbus ta biyu a 1493. Saboda haka sa'ad da Amurkawa suka nausa yamma, sun tarar da makiyayan Meksiko, waɗanda a ke kira “vaqueros”, sun daɗe da gwanancewa wajen kiwo a kan doki. A wurinsu suka koyi sana'ar, suka kuma kwashi kalmominta. “Lazo”, igiyar zarge, ta zama “lasso”. “Rancho” ya zama “ranch”. “Mesteño”, dokin jeji marar mai shi, ya zama “mustang”. “Corral” da “rodeo” kuwa ko harafi ɗaya ba a sake musu ba. Cikin wannan ayari “estampida” ta shigo, tsakanin shekarun 1820 da 1840. Da fari har “stampedo” waɗansu su ke rubutawa, kafin ta zauna yadda mu ke ganinta yau.

A Sifaniyanci tushen ma'anarta ƙara ce. Namijin kalmar, “estampido”, shi ne ƙara mai ƙarfi ta farat ɗaya, kamar ta igwa ko ta aradu. Macen, “estampida”, ita ta zama sunan gudun da garke ke yi in ya firgita. In aka ƙara tonawa, saiwar tana cikin tsofaffin harsunan Jamusawa, inda ta ke nufin buga ƙafa a ƙasa. Daga wannan saiwa Ingilishi ya sami “stamp”, wadda ke nufin buga ƙafa, da buga hatimi, da kan sarkin da a ke manna wa wasiƙa. Kan sarkin ma a ƙasashe da dama na Amurka ta Kudu “estampilla” a ke ce masa. Ashe Ingilishi ɗan'uwansa ya aro daga gidan maƙwabci bai sani ba.

Ina “e” na farkon kalmar ya tafi? Harshen Sifen ba ya fara kalma da “s” sa'an nan wani baƙi ya biyo ta kai tsaye, sai ya sa “e” a gaba. Shi ya sa su ke cewa “escuela” da “estación” inda Bature ke cewa “school” da “station”. Bature bai damu da wannan ba, sai ya yar da “e” ɗin. Mu ma Hausa irin wannan larura gare mu, sai dai mu tsakiya mu ke cusa wasali: sito, sitaci, sitiyari. Wannan misali ne mai kyau na nuna wa yara cewa kowane harshe ya kan gyara baƙuwar kalma ta dace da bakinsa. Wajen furuci kuma, nauyin “stampede” a gaɓar ƙarshe ya ke, kamar a ce “stam-PIID”, na “estampida” kuwa a gaɓa ta uku, “es-tam-PII-da”.

2. Shanun Teksas

Fataucin shanu ne ya yaɗa kalmar. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu masu dogon ƙaho sun yi yawa a Teksas har sa guda bai wuce wajen dala 4 ba, alhali a biranen arewa ya kan kai dala 40. Sai aka shiga kora su a ƙasa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, musamman garin Abilene, inda aka buɗe zangon shanu a 1867. Garke guda ya kan kai shanu 2,000 ko 3,000, makiyayan kuwa ba su fi goma ko goma sha biyu ba. Su kan ci mil 10 zuwa 15 a yini, tafiyar kuma ta kan ɗauki wata biyu ko fiye.

Ba abin da waɗannan makiyaya su ke tsoro kamar “stampede” na dare. Shanu suna kwance suna tuƙa, sai walƙiya ta haska, ko reshe ya karye, ko wani ya ƙyasta ashana. Saniya ɗaya ta zabura, ta kusa da ita ta zabura don ta ga 'yar'uwarta ta zabura, kafin ƙiftawar ido garken duka ya miƙe ya nufi fuska guda. Na baya ba su san abin da ya kori na gaba ba. Halin dabbar garke ke nan, gama a jeji wadda ta tsaya bincike ita ce rabon namun daji. Asarar kuwa ba kaɗan ba ce. Waɗansu shanun su ɓace, waɗansu su karye ko su faɗa kwazazzabo, waɗanda aka tattaro kuma sun zube, kuɗinsu ya ragu. Makiyayin da dokinsa ya yi tuntuɓe a gaban garke, sai dai a nemi gawarsa da safe.

Ba a tare irin wannan gudu ta gaba. Dabarar ita ce mahaya su yi sukuwa su cim ma shanun da ke kan gaba, su riƙa matsa su gefe guda kaɗan kaɗan har su karkata, kan garke ya zagayo ya sadu da wutsiyarsa. Daga nan shanun su yi ta kewayawa, da'irar tana ƙara tsukewa, har su gaji su tsaya. Wannan shi ne “milling”, daga “mill”, abin niƙa mai juyawa. Don rigakafi kuma, masu tsaron dare su kan zagaya garke sannu sannu suna waƙa ko fito, domin shanu su saba da muryar mutum, kada ƙaramin motsi ya razana su.

To, ku riƙe abu uku daga wannan labari: tsoro, da gudu, da fili. Sai an sami abin da ya firgita taro, taron ya ruga da gudu, akwai kuma sararin da zai yi gudun, kana a ce an sami cikakken “stampede”. Za mu komo kan waɗannan uku.

3. Yadda a ke aiki da ita cikin jimla

A Ingilishi “stampede” suna ce, aikatau ce kuma. Ga misalai:

“There was a stampede at the river.” Watau garke ya firgita ya ruga a bakin kogi.

“The cattle stampeded.” Shanun suka zabura da gudu.

“The thunder stampeded the cattle.” Tsawa ta firgita shanun ta kora su.

Misali na uku shi ne wanda a ke sa wani ya yi gudun. Mutanen Blackfoot na ƙasar Kanada sun mai da wannan hanyar farauta. Su kan jera tsibin duwatsu layi biyu, su firgita ɓaunar ƙasarsu, su kora ta tsakanin layukan har ta faɗa daga kan dutse mai tsawon wajen mita 10. A lardin Alberta akwai irin wannan wuri da aka yi kusan shekara 6,000 ana amfani da shi, aka kuma sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Daga wannan ma'ana aka sami ta aro: “Do not let them stampede you into signing”, watau kada ka bari su ɗaga maka hankali ka sa hannu ba ka yi tunani ba. Har wa yau a Alberta ɗin akwai bikin makiyaya na kwana goma cikin watan Yuli, wanda aka fara a 1912, sunansa “Calgary Stampede”. Nan kam ba tsoro a ciki, suna ne kawai na ƙawa.

A Sifaniyanci “estampida” suna ce kurum, mace, “la estampida”. In ana son aikatau sai a jingina ta da wata kalma. “Salir de estampida” shi ne a fita a guje. “Provocar una estampida” shi ne a haddasa gudun. Ku lura kada ku ɗauki “estampar” a kan aikatau ɗinta, domin ita buga hatimi ko buga zane a kan tufa ta ke nufi.

4. Dangin kalmar

“Panic”, a Sifaniyanci “pánico”. Wannan shi ne tsoron kansa, wanda ke ɗauke hankali. Ita ma cikin garke aka haife ta. Girkawan dā suna da wani abin bauta na makiyaya mai suna Pan, suna cewa ihunsa ne ke firgita tumaki da awaki a jeji ba gaira ba dalili.

“Bolt”, a Sifaniyanci “desbocarse”. Wannan na dabba ɗaya ne, galibi doki. Kalmar Sifen ɗin daga “boca” ta fito, watau baki, domin dokin ya daina jin linzami. Mu sai mu ce doki ya ƙwace.

“Rout”, a Sifaniyanci “desbandada”. Wannan rundunar da aka karya ce, ta watse, kowa ya yi ta kansa. Bambancinta da “stampede” shi ne nan ba fuska guda a ke nufa ba, tarwatsewa a ke yi. Cikin Fabrairu 1937, lokacin yaƙin basasar Sifen, mutanen birnin Malaga suka gudu a ƙafa ta hanyar bakin teku zuwa Almeriya, ana harbinsu daga jiragen ruwa da na sama, dubbai suka mutu. Har yau mutanen yankin “la Desbandá” su ke kiran wannan gudu.

“Rush”. Wannan rugawa ce zuwa ga abin da a ke so. Da aka sami zinariya a Kalifoniya a 1848, mutum wajen 300,000 suka yi tururuwa can cikin 'yan shekaru, Turawa suka ce “gold rush”. Masu Sifaniyanci kuwa “fiebre del oro” suka ce, watau zazzaɓin zinariya. Kusa da ita akwai “scramble”, a Sifaniyanci “rebatiña”, wanda shi ne wawaso ko rububi.

“Tropel”. Kalmar Sifen ce ta taro mai tafiya da hayaniya ba tsari. “Entraron en tropel”, watau suka ɗungumo ciki suna ture juna. Ba lalle da tsoro a ciki ba.

“Encierro”. Wannan shi ne sakin bijimai da a ke yi a titunan Pamplona kowace safiya da ƙarfe takwas, daga 7 zuwa 14 ga Yuli, samari suna gudu a gabansu. Bijimai shida ne tare da waɗansu dandaƙaƙƙun shanu masu yi musu jagora, hanyar kuma ba ta kai mita 900 ba. Kalmar daga “encerrar” ta fito, watau kullewa, domin asalin aikin kai bijimai ne wurin da za a tsare su. Tun da an sa lokaci, an kuma shinge hanya, mutanen Sifen ba su kiransa “estampida”.

“Crush”, a Sifaniyanci “aplastamiento” ko “avalancha”. Wannan matsi ne, jiki ya danne jiki. Asalin “avalancha” zubowar ƙanƙara ce daga kan dutse. A filayen ƙwallo na Ajantina ƙarafan da a ke kafawa don su tare 'yan kallo sunansu “paravalanchas”, Turawan Ingila kuwa “crush barriers” su ke ce musu. Wannan ita ce kalmar da ta fi muhimmanci a darasinmu.

5. In mutane ne fa?

Jaridun Ingilishi da na Sifaniyanci sun saba, da zarar mutane sun mutu a cikin taro, sai su rubuta “stampede” ko “estampida”. Masanan da suka yi nazarin taron jama'a sun daɗe suna ƙin wannan. Wani injiniya Ba'amurke, John Fruin, ya bayyana cewa in mutum shida ko bakwai suka cushe a fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, ba mai iya sarrafa jikinsa kuma, taron ya kan koma kamar ruwa, turi yana ratsa shi kamar igiyar kogi. Abin da ke kashe yawancinsu danne ƙirji ne har numfashi ya gagara, da yawa ma a tsaye su ke cikawa. A waɗansu wurare an tarar da shingen ƙarfe ya lanƙwashe don ƙarfin matsin. Mu auna misali huɗu da abubuwan nan uku namu.

A garin Sunderland na Ingila, ran 16 ga Yuni 1883, an tara yara a wani babban zaure mai suna Victoria Hall don kallon wasa. Da aka gama sai aka ce za a raba kayan wasa a ƙasa. Yara fiye da dubu da ke bene suka rugo kan matakala. A gindin matakalar akwai ƙofa mai buɗewa ciki, an sa mata sakata, an bar tazarar wajen inci 20, daidai wucewar yaro ɗaya. Na gaba suka toshe, na baya ba su gani, suka yi ta zuwa. Yara 183 suka mutu. Ba wanda ya tsorata su, murna ce ta kawo su. Bayan wannan aka kafa dokar cewa ƙofofin fita na wuraren taro su riƙa buɗewa waje, aka kuma ƙago sakatar nan mai sandan ƙarfe da ke buɗewa da zarar an tura ta.

A birnin Lima na Peru, ran 24 ga Mayu 1964, alƙalin wasa ya soke ƙwallon da Peru ta ci Ajantina, rigima ta tashi, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Nan akwai tsoro, akwai gudu. Amma filin gudun ne babu, gama ƙofofin fita a rufe su ke. Bisa ƙidayar hukuma mutum 328 suka mutu, yawancinsu a matakalan da ke bayan ƙofofin.

A filin Hillsborough na Sheffield, ran 15 ga Afrilu 1989, 'yan sanda suka sa aka buɗe wata ƙofa don rage cunkoso a waje, ba a kuwa tare hanyar da ke kaiwa sashen da ya riga ya cika ba. Mutane suka shiga da tafiyarsu ta kullum. Waɗanda suka rasu sanadin wannan sun kai 97. Aka yi shekaru ana zargin magoya bayan Liverpool, sai a 2016 masu binciken kotu suka yanke cewa ba halin 'yan kallo ne ya jawo abin ba. Iyalan mamatan sun yi shekara 27 suna neman a wanke 'yan'uwansu.

A Mina, ran 24 ga Satumba 2015, ayarin alhazai biyu suka haɗu a mahadar tituna. Hukumar Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, ƙidayar da kamfanonin labarai suka haɗa daga ƙasashe kuwa ta wuce 2,000, da 'yan Nijeriya a ciki. Jaridun Turai da dama “stampede” suka rubuta, alhali mutane ne masu tafiya sannu cikin zafin rana, har da tsofaffi.

Kun ga cikin huɗun nan babu inda tsoro da gudu da fili suka cika. Abin da ya haɗa su duka ƙuncin hanya ne. In ka ce “stampede”, mai karatu zai ga mutane sun haukace kamar shanu suna tattake juna, ya ce su suka jawo wa kansu. In ka ce “crush”, sai ya tambaya: wa ya rufe ƙofa, wa ya ƙidaya masu shiga, wa ke tsaron hanya? A nan Hausa ta fi kusa da gaskiya, domin turmutsutsu da turereniya da cunkoso duka matsi su ke nunawa. Saboda haka in an ba ku labari ku fassara, ku duba abin da ya faru tukuna, kana ku zaɓi kalma.

6. Abin da ya shafi malami

Kada mu ɗauka wannan labarin nesa ne. Cikin Disamba 2024 yara 35 suka rasu a Ibadan, a wurin wani bikin yara inda aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci. Ga abin da ya kamata kowane malami ya kiyaye ranar taro.

Ka duba ƙofofi da kanka kafin yara su shiga. Kada a kulle ko ɗaya, kada kuma a bar ta rabi a buɗe da sakata.

A sallami yara aji aji, malami ɗaya a kan matakala, ɗaya a gindinta.

In akwai kyauta, yara su zauna a kai musu inda su ke. Kada a watsa alewa ko kuɗi cikin taro, kada kuma a ce na farko shi ke samu.

In gaba ta toshe, daga baya a ke tsai da taro, domin na baya ne ba su san abin da ke faruwa ba. Ihu a kan na gaba ba ya amfana kome.

Ka koya wa yara, in matsi ya rutsa da su, su ɗaga hannuwa su kare ƙirji kamar ɗan dambe, kada su sunkuya ɗaukar takalmi ko hula, su bi inda taro ya nufa suna ratsawa gefe kaɗan kaɗan har su fita.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe Ingilishi ya aro “stampede”, a wane ƙarni kuma? Kawo waɗansu kalmomi uku da suka biyo wannan hanya.

2. Mene ne bambancin “estampido” da “estampida”?

3. Faɗi abubuwa uku da ke cika “stampede”. Wanne ne babu a Sunderland, wanne ne babu a Lima?

4. Wace kalmar Ingilishi ta dace da kowane ɗaya: doki ya ƙwace da mahayinsa, mayaƙa sun watse bayan an kashe shugabansu, yara suna wawason gyaɗa, mutane sun matsu a bakin ƙofa?

5. Rubuta jimla biyu da “stampede”, ɗaya tana suna, ɗaya tana aikatau.

6. Ka zaga zauren taron makarantar da ka ke koyon aiki, ka ƙidaya ƙofofinsa, ka rubuta ko ciki su ke buɗewa ko waje, da yawan yaran da ke bi ta kowace.

Wanda ya amsa ya miƙa wa mai kula da shafin Hausa kafin fitowa ta gaba. Tambaya ta shida kuwa, amsarta a kai wa hedimasta ma.